Zuwa Bonn: Jirgin Sama Ya Kai Ka Turai, Jirgin Ƙasa Ya Kai Ka Gari



Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna rediyo da sassafe ya san sunan Bonn tun kafin ya san inda take a taswira. Can ne hedikwatar gidan rediyon Jamus, wato DW, inda ake watso mana shirye-shiryen Hausa. Ni ina yaro na ɗauka Bonn da Landan unguwanni biyu ne na gari ɗaya, tunda duk daga akwatin Baba suke fitowa. Sai da na girma na gane cewa gari ne mai zaman kansa a bakin kogin Rhine, kuma shi ne babban birnin Jamus ta Yamma daga 1949 har zuwa haɗewar ƙasar a 1990.

Bara Allah ya nufa na taka garin. Mu biyu aka zaɓa daga sashenmu zuwa wata horaswa ta mako uku kan wutar sola. Masu ɗaukar nauyin sun ba kowa kuɗin tafiya a dunƙule, suka ce ya nemi tikitinsa da kansa, abin da ya rage nasa ne. Rana ɗaya muka bar Abuja. Ni na isa masauki ranar Lahadi da hantsi. Abokin tafiyata bai iso ba sai daren Litinin, bayan an gama rajista an yi zaman farko, kuma ya iso aljihu wayam. Da izininsa nake ba da labarin, amma ya ce in na kuskura na faɗi sunansa sai dai mu haɗu a gaban shugaban sashe.

Abin da ya sa na ga ya dace in rubuto shi ne, kowane zangon karatu allon sanarwa cike yake da tallan guraben karatu a Jamus, Faransa, Holand da sauransu. 'Yan HND biyu da yawa suna can suna cike fom. Hirar da ake yi a majalisa ba ta wuce admishan, biza da kuɗin asusu. Ban taɓa jin wani ya tambayi yadda zai kai kansa daga filin jirgi zuwa ƙofar makarantar ba. Alhali a wannan ɗan guntun tafiyar ne baƙo ya fi yin asara.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: ka hau jirgin sama zuwa babban filin jirgin da ya fi kusa da garin da za ka, daga nan ka ƙarasa da jirgin ƙasa. In tazarar da ta rage ba ta wuce awa uku zuwa huɗu a jirgin ƙasa ba, kada ka yarda wani tikitin jirgin sama mai arha ya ruɗe ka.

Ga yadda tawa ta kasance. Akwai jirgin da ke tashi kai tsaye daga Abuja zuwa Frankfurt, tafiyar kamar awa shida. Da dare muka tashi, da sassafe muka sauka. Bayan jami'an shige da fice sun duba fasfo na ɗauki akwatunana, sai na bi alama mai hoton jirgin ƙasa. Ban fita waje ba, ban nemi tasi ba, domin tashar a manne take da filin jirgin. Hasali ma tashoshi biyu ne a wurin: ɗaya ta jiragen da ke zirga-zirga a yankin, ɗaya ta masu dogon zango, wadda suke kira Fernbahnhof. Can na hau ICE, jirginsu mai gudu. Layin da ya haɗa Frankfurt da Kolon an buɗe shi a 2002, kuma jirgi yana kai kilomita 300 a awa a kansa. Akwai ɗan allo a cikin tarago mai nuna gudun, wallahi sai da na ɗauke shi hoto kamar baƙauye. Cikin minti 40 da 'yan kai muka isa tashar Siegburg/Bonn. Daga nan na hau ƙaramin jirgin cikin gari mai lamba 66, ya ratsa ta Sankt Augustin, inda ake da wata babbar makarantar koyon kimiyya a aikace irin tsarin namu na foli, ya haye kogin, ya sauke ni a tsakiyar Bonn cikin kamar minti 25. Kafin azahar na yi wanka na ci abinci har na yi barci.

Shi kuwa mutumina, lissafi ya zauna ya yi. Ya gano cewa in ya bi wani jirgin da ke yada zango a hanya ya sauka a Milan ta Italiya, ya fi arha. Daga Milan kuma ya ga tikitin wani kamfani mai rahusa zuwa Jamus, kuɗinsa bai kai na cin abinci sau biyu a can ba. Ya zo har ɗakina yana min dariya.

"Mutumina, kai dai ba ka iya neman kuɗi ba. Da ragowar nawa zan sayo laftof."

Na ce, "To, Allah ya sa. Amma ka duba daga wane filin jirgi na biyun zai tashi?"

Ya ce, "Haba ɗan uwa, Milan ai Milan ce."

Ashe Milan filayen jirgi uku ake jingina mata. Malpensa tana arewa maso yamma da birnin, Linate tana kusa da cikin gari, ta uku kuwa a Bergamo take, wani gari daban ta gabas. Shi ya sauka a ta farko, jirginsa na biyu kuma daga ta uku zai tashi. Jirgin farko ya ɗan makara. A wurin duba fasfo aka tsaya yi masa tambayoyi, tunda bizarsa ta Jamus ce ga shi ya shigo ta Italiya. Doka ta yarda da haka, amma sai ka yi bayani ka nuna takardu. Ya jira akwati, ya nemi bas zuwa cikin gari, ya nemi wata zuwa Bergamo. Kafin ya isa an rufe karɓar kaya. Ya kwana a kan benci, washegari ya sayi sabon tikiti a farashin ranar, sannan ya biya kuɗin manyan akwatuna biyu da tikitin arha bai ƙunsa ba. Garin neman gira ya rasa ido. Ba wanda ya cuce shi, duk ƙa'idojin suna rubuce a shafin da ya danna ya wuce ba tare da ya karanta ba.

Yanzu bari mu yi lissafin da ya kamata ya yi, domin mu 'yan foli ne, an san mu da awo.

Abu na farko lokaci. A tikiti za ka ga an rubuta tafiyar awa ɗaya da rabi. Wannan lokacin da jirgi ke sama ne kaɗai. Ka ƙara awa biyun da ake so ka riga jirgi zuwa, ka ƙara layin bincike inda za a sa ka cire bel ka fito da laftof, ka ƙara jiran akwati bayan sauka, ka ƙara bas daga filin jirgi zuwa gari. Sai ka ga awa ɗaya da rabi ta koma biyar ko shida. A jirgin ƙasa na Jamus minti goma kafin tashi ya ishe ka, ba awon kaya, ba wanda zai ƙwace maka gorar ruwa. Kuma tsofaffin tashoshin Turai yawanci a tsakiyar gari suke. A Kolon, kana fitowa daga babbar tasha za ka yi kiciɓis da katafaren cocin nan mai tsayin mita 157, wanda shi ne cibiyar birnin. Mu da muka saba da Rigasa da Idu, inda sai ka sake neman mota ka yi tafiya mai nisa kafin ka shiga gari, muna ɗauka ko'ina haka tasha take.

Abu na biyu sunan filin jirgi. Abin da ya sami abokina ba a Milan kaɗai yake ba. Akwai filin jirgin Hahn, wanda ake haɗa sunansa da Frankfurt, alhali tazararsu ta haura kilomita 100. Akwai Beauvais da ake sayarwa da sunan Paris, tana da nisan kamar kilomita 85 daga birnin. Akwai Charleroi da ake kira Brussels ta Kudu. Kamfanoni masu rahusa suna son irin waɗannan wurare saboda kuɗin sauka ya fi sauƙi, kai kuma sai ka biya bambancin a motar haya. Kafin ka biya ko sisi, ka kwafi cikakken sunan filin jirgin ka sa a taswirar wayarka, ka ga nisansa da makarantarka.

Abu na uku kaya. Mu ba ma tafiya da 'yar jaka. Daga Najeriya sau da yawa ana ba ka akwati biyu masu kilo 23 kowanne, kuma Umma ba za ta bari ko kilo ɗaya ya tafi a banza ba: ga yaji, ga kuka, ga kuɓewa busasshiya, ga kaftani shida. Tikitin jirgi mai rahusa galibi 'yar jakar da za ta shiga ƙarƙashin kujera kaɗai ya yarda da ita kyauta, kowane akwati kuma da kuɗinsa, in ka bari sai a filin jirgi kuɗin ya ƙaru. A jirgin ƙasa abin da za ka iya ɗauka da hannunka shi ne ma'auni. Tunda ana maganar kaya, in tuna muku: dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu. Kilishi, dambun nama da man shanu a cinye su a gida. Na san zafin abin, amma gara ka ci da 'yan ɗakinku da ka ga an jefa shi a kwandon shara.

Abu na huɗu, kuma shi ne ya fi kayar da mutane, bambancin tikiti ɗaya da tikiti biyu. In ka sayi tafiyar gaba ɗaya a tikiti ɗaya, jirgin farko ya makara har ka rasa na biyu, nauyin kamfanin ne ya sa ka a wani. In kuwa kai ka haɗa da kanka, wannan daga nan wancan daga can, kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba. A wurinsu fasinja ne kawai bai zo ba. Wannan ƙa'idar ta shafi jirgin ƙasa ma. A Jamus tikiti mai rahusa, wanda suke kira Sparpreis, a ɗaure yake da jirgin da ka zaɓa. In jirgin samanka ya makara, ya ƙone. Mai tsada, Flexpreis, yana ba ka damar hawa wani jirgin a wannan rana. Akwai kuma tsarin Rail&Fly, inda kamfanonin jirgin sama da dama ke sayar maka da na ƙasan haɗe da na saman. Wanda ya fito daga tafiyar dare bai san ko layin fasfo zai ci minti ashirin ko awa biyu ba, don haka ranar isowa ba ranar tsimi ba ce.

Abu na biyar biza. Yankin Schengen ƙasashe 29 ne a yanzu, kuma da biza ɗaya kana iya ratsa su. Ingila ba ta ciki, Ireland ma ba ta ciki. Saboda haka in ka ga hanya mai arha da ta bi ta Landan, ka tsaya ka bincika, domin ɗan Najeriya yana iya buƙatar bizar wucewa ta Birtaniya ko da canjin jirgi kawai zai yi. Haka jirgin ƙasan Eurostar da ke bi ta ramin ƙarƙashin teku tsakanin Landan da Paris, wanda aka buɗe a 1994: tafiyar awa biyu ce da 'yan mintuna, amma ana duba fasfo kafin ka shiga, bizar wancan ɓangaren ba ta aiki a wannan. Sannan in bizarka ta shiga sau ɗaya ce, ka shiga Schengen ka fita garin canjin jirgi, ka cinye ta ke nan. Hanya mai lanƙwasa da yawa tana ƙara maka iyakokin da za a tsayar da kai. Ko a jirgin ƙasa ma fasfonka ya kasance a jikinka, domin tun Satumban 2024 Jamus take binciken matafiya a dukkan iyakokinta na ƙasa.

Kada wani ya ce ra'ayin ɗan foli ne da ya je sau ɗaya ya dawo yana cika baki. Su kansu Turawan sun yi wannan lissafin. Tsakanin Frankfurt da Kolon jirgin ƙasa ya daɗe da karɓe fasinjojin, tunda tafiyar kamar awa ɗaya ce. Paris zuwa Brussels bai kai awa ɗaya da rabi ba. A 2023 Faransa ta fara aiki da dokar da ta hana wasu gajerun tafiye-tafiyen jirgin sama na cikin gida inda jirgin ƙasa zai kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi, abin da ya shafi hanyoyin filin jirgin Orly na Paris zuwa Bordeaux, Nantes da Lyon. Dalilinsu rage hayaƙin da ke ɗumama duniya ne. Mu da muke ganin yadda damina ke rikicewa a gonakin iyayenmu bai kamata wannan dalilin ya zama baƙo gare mu ba, ko da aljihu ne ya fi damun mu a yanzu.

To, amma gaskiya ɗaya ce, jirgin ƙasa ma yana da nasa. Labarin da muke ji cewa komai na Bature a kan minti yake, a rage masa gishiri. Jiragen dogon zango a Jamus suna makara, har su 'yan ƙasar abin ya zame musu abin tsokana. Shi ya sa ranar dawowa ka ba kanka tazara mai yawa kafin tashin jirgin sama. Tikitin ICE da aka saya a ranar tafiya yana da tsada sosai. Ba ɗan dako, ba yaron mota. Kai za ka ɗaga akwatinka ka sauke, kuma jirgi minti biyu ko uku yake tsayawa a wasu tashoshin. In garin da za ka yana da nisa ƙwarai, kamar Lisbon ko Athens daga Frankfurt, babu wata muhawara, jirgin sama za ka hau, sai dai ka haɗa shi a tikiti ɗaya tun daga gida. Abin da nake jayayya a kai shi ne matsakaiciyar tazara, inda mafi yawan garuruwan jami'a suke daga manyan filayen jirgi.

Ina ganin abin da ke hana mu ganin wannan a fili ba lissafi ba ne kaɗai. A wurinmu hawa jirgin sama daraja ce. Mutum ya ɗauki hoton fiffike ta taga ya sa a WhatsApp, 'yan uwa su yi ta "Allah ya tsare, Alhaji." Jirgin ƙasa kuwa a kunnen wasunmu abin talaka ne, na zamanin kakanni da ake kwana biyu daga Kano zuwa Legas. Wasu kuma tsoro ne, kuma ba zan raina tsoronsu ba. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya sa mutane sun fara son jirgin ƙasa, sai harin 28 ga Maris 2022 ya zo ya kashe mutane aka sace wasu, aka dakatar da zirga-zirga har watan Disamba. Wanda ya rayu a wannan lokacin dole gabansa ya faɗi in an ce tasha. Sai dai kada mu ɗauki ciwon gida mu auna wata ƙasa da shi. A ICE ɗin da na hau, na kusa da ni dattijo ne da kwat yana aiki a kwamfuta, gabana ɗalibai ne da jakunkunan goyo, can gefe wata uwa da 'ya'yanta. Ba wanda ya ga kansa a ƙasƙance.

In Allah ya ba ka dama, ga 'yan abubuwan da na so a ce an faɗa min tun a gida. Inda ka ga Hbf bayan sunan gari, babbar tasha ke nan. Gleis shi ne layin da jirginka zai tsaya, kuma yana iya canzawa, don haka idonka a kan allo. Agogonsu na awa 24 ne, 14:20 ƙarfe biyu da minti ashirin na rana ke nan. Frankfurt biyu ce a Jamus: ta bakin kogin Main ita ce mai babban filin jirgi, ta bakin kogin Oder tana can iyakar Poland, kada ka danna wadda ba ita ba. Tashoshinsu ba su da ƙofar da ake tare mutum, kana iya shiga ba tikiti, amma in mai dubawa ya kama ka tarar Yuro 60 ce mafi ƙaranci, kuma "ni baƙo ne" ba ta ceto. In za ka daɗe, akwai tikitin wata-wata mai suna Deutschlandticket da aka fara a Mayun 2023 kan Yuro 49, kodayake an ƙara masa kuɗi daga baya. Yana hawar da kai bas da jiragen yanki a duk ƙasar, amma ban da ICE. Ka sauke manhajar jirgin a wayarka tun kana Najeriya, ka buga tikiti da adireshin masauki a takarda saboda caji na iya ƙarewa. Ka zaɓi isa da rana, kuma kwana ɗaya kafin ranar rajista. In ka rikice ka tambayi ma'aikacin tasha, da yawansu suna jin Turanci, kuma matambayi ba ya ɓata.

Ina da roƙo ga shugabannin ƙungiyarmu. A cikin malamanmu akwai waɗanda suka yi karatu a Turai, a cikin tsofaffin ɗalibai ma akwai. Me zai hana sau ɗaya a zango a tara su a ɗakin taro na awa biyu, a buɗe taswira a bango, kowa ya nuna yadda ya je da inda ya yi tuntuɓe? Kuɗin da za a kashe bai wuce na ruwan leda da man janareta ba. Yawancinmu kuɗin tikitin nan gona ake sayarwa ko a yi karo-karo a dangi kafin ya haɗu, bai kamata ya ƙare a kan bencin wani filin jirgi ba.

Abokina dai ya ƙarasa horaswar lafiya, har ya fi ni maki a gwajin ƙarshe. Laftof ce bai saya ba. Ranar dawowa ya sauya tikitinsa, tare muka hau jirgin da ke bin gaɓar kogin Rhine ta Koblenz da Mainz zuwa Frankfurt. Ya fi na farko jinkiri, amma ga gonakin inabi a kan tuddai, ga tsofaffin ganuwoyi, ga jiragen ruwa na dakon kaya. Ya manne da taga har muka isa, bai ce min uffan ba sai da muka sauka, sannan ya ce in turo masa hotunan da na ɗauka domin wayarsa ta cika.

Allah ya ba masu nema sa'a, ya kai kowa lafiya ya dawo da shi lafiya.